Tsohon Mawaƙin Gambara Ya Dawo Fage, Namu Yaran Kuwa Wa Zai Koya Musu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan wani gajeren labari da na karanta a shafinku na nishaɗi, inda kuka ambaci cewa tsohon mawaƙin gambarar zamani na ƙasar Amurka, LL Cool J, ya fitar da sabon kundin waƙoƙi bayan shekara 11 rabonsa da fitar da wani. Labarin bai wuce 'yan layuka ba, kuma na tabbata masu karatu da yawa sun tsallake shi, domin a ganinsu babu abin da ya haɗa Bahaushen Sakkwato da wani ɗan shekara 56 mai waƙa da Turanci a birnin New York. Ni kuwa labarin ya tsaya mini a rai, har na nemi kundin na saurare shi daga farko zuwa ƙarshe fiye da sau ɗaya, kuma abin da na ji a ciki, da abin da nake gani kullum a wajen ɗalibaina, su suka sa na ɗauki alƙalami.

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare a cikin garin nan, na yi fiye da shekara 20 ina koyar da adabi, amma tun kafin in san ma'anar amsa-amo a aji na san irin wannan waƙa. A tsakiyar shekarun 1990 wani wana da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yakan shigo gari ƙarshen mako da kaset-kaset a cikin jakarsa. Mukan zauna a zaure da rikoda mai batir shida, mu saurari layi ɗaya mu tsayar, mu rubuta abin da kunnenmu ya kama a bayan littafin lissafi, sannan mu zura biro a cikin kaset mu mayar da zaren baya da hannu don kada batir ya ƙare. Wata rana mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin zaure. Mun zaci faɗa zai yi. Ya saurara na ɗan lokaci, sai ya ce: "Wanga ai ɗan gambara na, sai dai ba mu jin abin da shika faɗi." Ya wuce cikin gida abinsa. Tsohon bai ji Turanci ko kalma ɗaya ba, amma ya gane sana'ar nan take, domin ya san mutumin da ke tsayawa a kasuwa yana jera magana a kan kiɗa da sauri, yana kirari, yana zambo, yana habaici, jama'a suna dariya suna kuma jin tsoron bakinsa. Ba banza ba ne ma kafafen yaɗa labarai na Hausa suka zaɓi kalmar gambara suka laƙaba wa wannan waƙa ta hip hop.

Ga wanda bai san mutumin ba, sunansa na yanka James Todd Smith, an haife shi a 1968, ya tashi a yankin Queens na birnin New York, ya kuma fitar da kundinsa na farko a 1985 yana ɗan shekara 17, a ƙarƙashin kamfanin Def Jam wanda shi ma a lokacin bai daɗe da kafuwa ba. Daga baya harkar fim ta ja shi, ya yi tun daga 2009 har 2023 yana fitowa a wani shirin talabijin na masu binciken laifuka. Kundinsa na baya ya fito a 2013. Wannan sabon, mai suna The FORCE, wanda shi ne na 14, ya fito ranar 6 ga Satumba, 2024, kuma Q-Tip, wani tsohon hannu daga ƙungiyar A Tribe Called Quest, shi ya haɗa masa kiɗa. A ciki ana jin muryoyin Nas da Eminem da Snoop Dogg da Busta Rhymes, waɗanda dukkansu sun haura shekara 50.

Ba zan ce kundin ba shi da aibi ba. Akwai kalmomi a ciki da ba zan kunna a gaban 'ya'yana ba, akwai kuma wuraren da cika baki ya yi yawa, ko da yake cika baki gadon wannan sana'a ne, kamar yadda ɗan dambe ba ya shiga fage sai ya yi wa kansa kirari. Abin da ya kama ni shi ne nauyin maganar. Mutumin yana cusa kalmomi a cikin layi ba tare da numfashinsa ya yanke ba, yana ɗaura amsa-amo a tsakiyar ɗango kafin ya kai ƙarshensa, kuma jigoginsa na manya ne, domin akwai inda yake magana a kan asalinsa na baƙar fata da abin da ya gada a gidan iyaye, akwai kuma inda yake magana a kan zaluncin da ake yi wa mutanensa. Bai yi ƙoƙarin komawa ɗan shekara 20 ba, kuma wannan kaɗai ya isa a yaba masa a cikin sana'ar da ta saba kallon furfura a matsayin sallama.

Amma abin da ya fi duk wannan girma a wurina shi ne maganar da ya yi wa 'yan jarida, cewa sai da ya koma ya sake koya wa kansa sana'ar kafin ya iya yin wannan aiki. A duba wanda ke faɗin haka. Mutum ne da ya yi kusan shekara 40 a fage, wanda a 2017 ya zama mawaƙin gambara na farko da aka ba lambar girmamawa ta Cibiyar Kennedy a Amurka, wanda kuma ba ya bukatar kuɗin kundin don ya ci abinci. Da ya ga dama da ya tara tsofaffin salonsa ya sake dafa su, masoyansa na da su saya don tuna baya. Sai ya zaɓi ya zauna ya sake rubutu kamar almajirin da aka wanke wa allo. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, kuma duk wanda ya san tarihin makaɗanmu na wannan yanki ya san cewa haka sana'ar baki take. Musa Ɗanƙwairo ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan wansa Kurna, kafin ya ja nasa ayarin, kuma waƙoƙinsa da aka fi tunawa da su na lokacin da ya manyanta ne. Ibrahim Narambaɗa bai kai ga shahararriyar waƙarsa Bakandamiya da ƙuruciya ba. Salihu Jankiɗi ya tsufa yana kiɗan taushi a fadar Sarkin Musulmi. Mamman Shata yana waƙa har kusan rasuwarsa a 1999, haka Ɗanmaraya Jos bai ajiye kuntiginsa ba sai da ajali ya zo a 2015. A wurinmu ba a taɓa cewa makaɗi ya tsufa da waƙa ba, sai dai a ce bakinsa ya nuna.

Dalilin da ya sa dawowar dattijo ta zama abin labari a wannan sana'a shi ne, ita kanta sana'ar yarinya ce, kuma da yawa daga cikin gwanayenta ba su kai ga tsufa ba. Ana lissafa farkonta daga ranar 11 ga Agusta, 1973, lokacin da wani matashi ɗan asalin Jamaika da ake kira Kool Herc ya yi kiɗa a wani taro a unguwar Bronx, shi ya sa aka yi bikin cikarta shekara 50 a 2023. An harbe Tupac Shakur a 1996 yana da shekara 25, aka harbe Notorious B.I.G. a 1997 yana da 24, kuma kisan bai tsaya ba, domin an kashe Nipsey Hussle a 2019, Pop Smoke a 2020, Takeoff a 2022. Mu ma a nan mun rasa Da Grin a hatsarin mota a Legas a 2010, a daidai lokacin da ya fara nuna wa duniya abin da za a iya yi da Yarbanci a kan wannan kiɗa. Saboda haka sai yanzu ne aka fara ganin yadda ɗan gambarar zamani yake idan ya yi furfura. Nas bai samu kyautar Grammy ba sai a 2021, bayan kusan shekara 27 da fitar kundinsa na farko, kuma da sabon aiki ya same ta.

Ta fuskar kasuwa sana'ar ta kai inda masu kafa ta ba su yi mafarki ba. A 2017 ƙididdiga ta nuna cewa ita da 'yar uwarta R&B sun zarce kowane irin kiɗa yawan masu saurare a Amurka, a 2018 kuma aka ba Kendrick Lamar lambar Pulitzer, wadda a fannin kiɗa ba a taɓa ba irinsa ba. Sai dai kasuwar da ta ɗaga ta ita ce kuma take tauye ta. Manhajar Spotify, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2021, ba ta lissafa cewa an saurari waƙa sai mai saurare ya kai sakan 30, don haka dole mawaƙi ya jefa gindin waƙarsa tun da farko kafin yatsa ya tsallake shi, kuma gara masa gajerun waƙoƙi masu yawa da doguwa ɗaya mai ma'ana. TikTok ta ƙara taƙaita abin, domin abin da ake nema a can shi ne ɗan yanki da za a yi rawa ko kwaikwayo a kansa. Wanda ya gina baiti uku yana kai labari sannu a hankali zuwa inda zai fashe, ya yi wa kansa aiki, don ba a jira a kai can.

Na ga wannan da idona a tsakar gidana. Na kunna wa ɗan ƙanena mai shekara 19 kundin nan a wayata, muna zaune a gindin dogon yaro bayan la'asar. Bai bar ko waƙa ɗaya ta kai rabin minti ba, yana ta danna gaba, har ya miƙo mini wayar ya ce: "Baffa, wanga tsoho magana ɗai shika yi, ba wurin da mutum ka hawa." Yana nufin babu yankin da za a ɗauka a yi bidiyo da shi. Ban ga laifinsa ba, domin da haka aka raine kunnensa. Abin da ya dame ni shi ne, abin da ya kira aibi, wato magana, shi ne ainihin sana'ar.

Yanzu bari in dawo gida, don nan ne ciwon yake. A kudancin ƙasar nan kiɗan rawa na Afrobeats ya haɗiye gambara kusan gaba ɗaya, har M.I Abaga, wanda ya tashi a Jos, ya fitar da waƙa a 2017 yana yi wa 'yan uwansa mawaƙa faɗa a kan lalacewar sana'ar. Waɗanda suka tsira da martabarsu galibi su ne suka riƙe harshen uwa, irin su Olamide da Yarbanci da Phyno da Ibo. A arewa ma muna da waɗanda suka share hanya. Eedris Abdulkareem a Kano ya tashi. Ziriums ya yi gambara da Hausa a Kano a lokacin da yin hakan ke jawo wa mutum matsala da hukuma. Daga baya Classiq da Morell da DJ AB da Deezell suka sa yaran arewa suka ji cewa harshensu yana hawa wannan kiɗa ba tare da ya ji kunya ba. Mu da ke kusa da iyakar Illela da Birnin Ƙonni mun kuma ji 'yan Nijar irin su Kaidan Gaskia da Lakal Kaney suna yin abinsu tun da daɗewa. Ina girmama waɗannan mutane, domin sun yi aiki a inda babu kamfani, babu mai zuba jari, kuma rabin al'umma na kallonsu a matsayin 'yan iska.

To amma a saurari abin da ƙananan da ke tasowa suke yi a unguwanninmu, daga Mabera zuwa Arkilla zuwa Runjin Sambo. Na taɓa raka wani tsohon ɗalibina wani ɗan situdiyo a kusa da kasuwa. Ɗaki ne ƙarami, an manna katifar soso a bango don ta tare ƙara, janareto na ruri a waje, kuma duk lokacin da za a ɗauki murya sai an kashe fanka, a wannan zafi namu na watan Afrilu, yaro yana waƙa gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wanda ya jure wannan ba za a ce ba ya son sana'ar ba. Sai dai yaran da na tarar a layi ba wanda ya zo da rubutu a takarda. Kiɗan an sauko da shi daga intanet, kowa ya shiga ya faɗi abin da ya zo bakinsa, rabi Hausa rabi Turancin da shi kansa bai san ma'anarsa ba, na'urar gyara murya ta lulluɓe sauran. Jigon kuwa bai wuce mota da dala da 'yan mata da maƙiya ba, alhali mai waƙar a ƙasa ya zo, kuma bashi ya ci ya biya kuɗin ɗaukar. Idan waƙar ta fita, masu tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa su za su ci riba, shi ko sisi ba zai gani ba, sai ya koma jiran biki ko kakar siyasa, inda wanda ya biya kuɗin situdiyo shi ke zaɓar abin da za a faɗa.

Waɗannan yara ba su da wanda za su yi wa amshi. Ɗan makaɗin da yakan yi shekaru a bayan ubangidansa yana karɓi, yana koyon inda ake saka karin magana, da yadda ake zambo ba tare da an kama suna ba, da yadda ake nemo tarihin gidan da za a yi wa waƙa tun daga kakanni. Yaronmu na yau malaminsa waya ce, kuma abin da wayar ke nuna masa shi ne sutura da tafiya da ɗaga yatsu, ba ta nuna masa daren da marubucin ya kwana yana gyara layi ɗaya. Ya kwaikwayi rigar ya bar aikin.

Akwai wani ɗalibina ɗan aji biyar wanda iyayensa suka baro ƙauyensu a yankin Sabon Birni saboda 'yan bindiga. Wata rana ina duba littattafan aji sai na ga bayan nasa cike da baitoci. Yaron yana da kunne, amsa-amonsa na zaune daram, amma duk maganar manyan motoci ce da wani birni da bai taɓa zuwa ba. Na kira shi ofis, ya shigo yana rawar jiki don ya ɗauka horo zan yi masa. Na ce masa: "Ɗana, ka iya. Amma wannan ba labarinka ba ne. Je ka rubuto mini daren da kuka baro gida." Ya yi shiru, ya ce, "Malam, wannan ai ba a waƙa da shi." Na ce ya gwada. Bayan mako guda ya kawo mini layi 16 da Hausar Gobir tsantsa. Ya ambaci damman geron da suka bari a rumbu, da jakin da ya ƙi tafiya a cikin duhu, da kakarsa da ta ce ita ba za ta bar kabarin mijinta ba. Da ya karanta a gaban aji, yana buga tebur da tafin hannu a madadin kiɗa, yara fiye da 60 suka yi tsit, kuma na ga wasu suna share ido, domin ba shi kaɗai ne ya baro gida ba.

Wannan shi ne abin da gambarar zamani ta yi a inda aka haife ta. Tun a 1982 Grandmaster Flash da ƙungiyarsa suka fitar da waƙar da ta bayyana ƙuncin rayuwar talakan birni, kuma daga nan ne duniya ta fara ɗaukar sana'ar da muhimmanci. Mu fa me muka rasa na faɗa? Isa, garin da Narambaɗa ya yi wa sarkinsa waƙa har sunansa ya zaga ƙasar Hausa, yau mutanenta na cikin fargaba. An kai hari kasuwar Goronyo a 2021, a wannan shekarar ta 2021 kuma aka kashe layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan, mutum ya kasa jin ko mahaifiyarsa na raye. Ga manomin albasa da ke kallon amfaninsa na ruɓewa, ga matasan da kodin ya cinye har sai da gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018. Duk wannan yana nan a ƙofar gida, yaranmu kuwa suna waƙar titunan da suka gani a bidiyo.

Na san akwai masu cewa a hana abin gaba ɗaya a huta. Ina fahimtar damuwarsu, domin ni ma uba ne, kuma batsa da yabon shaye-shaye ba abin da zan kare ba ne ko da wane kiɗa aka yi su. Batun hukuncin kiɗa a addini kuwa na malamai ne, ba nawa ba. Abin da na sani a fagena shi ne, garin nan da waƙa aka karantar da shi. Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello sun yi waƙoƙi, Nana Asma'u ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis ɗinta, wato matan da ta horar, ƙauyuka suna koyar da mata da baitoci. Haka kuma gardamar mawaƙin da ke yabon ɓarna ba sabuwa ba ce a wurinmu, tunda mun yi Gambo mai waƙar ɓarayi, mun yi Kassu Zurmi, jama'a sun yi ta muhawara a kansu, masana kuma suka nazarci fasaharsu ba tare da sun halatta sata ba. Hani ba ya cire waƙa daga wayar yaro, abin da yake yi kawai shi ne ya raba shi da babban da zai gaya masa cewa wannan layin ya yi kyau, wancan kuwa zubar da mutunci ne.

Akwai wani wuri a cikin kundin nan da ya sa na tsayar da waƙa na mayar baya. A ciki an gayyato Sona Jobarteh, 'yar gidan makaɗan gado na Gambiya, tana kaɗa kora, wato molon nan mai tsirkiya 21. Ba'amurke ɗan shekara 56 ya tsallako teku yana neman sautin Afirka ta Yamma don ya ƙara wa aikinsa daraja, mu kuwa da muke zaune a kan taskar muna sauko da kiɗan da wani yaro ya haɗa a wata ƙasa. Tun asali wannan sana'a a kan tsofaffin faya-fayai aka gina ta. Abin da Kool Herc ya yi shi ne ya sa faifan garmaho biyu iri ɗaya, yana maimaita wurin da ganga ta fi daɗi, kuma Q-Tip ya yi suna ne da tono tsofaffin kiɗan jaz yana ɗinka sababbin waƙoƙi da su. Ina mai haɗa kiɗan da zai zauna da kotson Narambaɗa, ko taushin Jankiɗi, ko kalangun Ɗan Anace lokacin da yake zuga ɗan dambe Shago, ya fitar da abin da ba wanda ya taɓa ji a duniya? Muryoyin nan suna nan a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo irin su Rima da Rediyon Kaduna, wasu a kan tsofaffin zaren da zafi da ƙura ke ci kullum. Idan za a yi, to a yi da izini, a kuma biya magada haƙƙinsu, domin akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma iyalan makaɗan nan da yawa ba su ci komai daga gumin iyayensu ba.

Shi ya sa, ya Edita, nake ganin layukan nan kaɗan da kuka ba labarin sun yi kaɗan, kuma laifin bai tsaya a kanku ba. Jaridunmu na Hausa sukan kawo labarin mawaƙi idan ya yi aure, ko ya sayi mota, ko an kama shi, amma da wuya a ga an ɗauki waƙarsa an feɗe ta baiti-baiti, an nuna inda ya yi gwaninta da inda ya yi kasala. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi wa makaɗan baka wannan hidima, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya yi rubuce-rubuce a kan waƙoƙin zamani har da gambara, amma aikinsu yana jami'a, yaron da ke layi a situdiyo ba ya ganinsa. Roƙona shi ne ku buɗe fili, ko sau ɗaya a wata, inda za a riƙa sharhin sababbin waƙoƙin gambara na Hausa da ma'aunin da muke auna Narambaɗa da shi, wato turke, ma'ana jigon waƙa, da salo da zaɓen kalma da gaskiyar abin da aka faɗa. Ku nemo waɗanda suka fara wannan sana'a a Kano da Kaduna da Jos da Yamai tun shekarun 2000, waɗanda yanzu wasunsu sun koma kasuwanci ko aikin ofis, ku tambaye su yadda suka koya da abin da ya sa suka yi shiru, wataƙila a cikinsu akwai mai sauran magana a bakinsa da zai sake komawa allo kamar yadda LL Cool J ya yi. Sashen Harsunan Nijeriya na jami'armu ta nan ba zai rasa malamai da ɗaliban da za su taimaka da rubutu ba.

Idan kun buɗe filin, ni zan fara aiko muku da layi 16 na ɗalibin nan nawa. Na riga na nemi izininsa da na mahaifinsa, wanda yanzu yake gadi a wani gida a Gawon Nama, kuma sharaɗinsa ɗaya ne, kada a ambaci sunan ƙauyensu, don har yanzu tsohuwar tana can.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin Hausa,
Unguwar Mabera, Sakkwato.